Ni da Zakaran Maƙwabta

Ƙarfe huɗu saura nake tashi,
in faɗi gaskiya, ba don nafila kaɗai ba.
Lokacin ne Gwammaja ke riƙe numfashinta:
injin markaɗe bai farka ba,
'yan Adaidaita ba su fara hon ba,
janaretan Alhaji Ɗanlami ya yi tari ya kwanta.

Katifa biyu jingine da bango,
bargon Umma a kan taga,
makirfon na hannu da na tsinto a Fam Santa,
wanda sai an ɗaure masa wuya da kyauro yake magana.
Na ce, "Masu sauraro, assalamu alaikum,"
zakaran maƙwabta ya amsa.
Shiri ashirin da bakwai, bai taɓa fashi ba.

Umma ta ce, "Wai wace tasha ce taka?
Na murɗa akwatina daga farko har ƙarshe,
ba kai, sai 'yan siyasa da masu maganin basir."
Na ce a waya ake ji.
Ta ce, "To. Wayar ce ke biyan ka?"
Na sunkuya ina warware igiyar caja.

Ran Laraba na zo da Tasi'u mai gyara.
Awa guda yana zuba:
yadda gumi ke kashe waya a aljihu,
yadda binne ta cikin shinkafa
bai taɓa ta da matacciya ba.
Da ya tafi na duba,
ashe jan ɗigon nan ban danna ba.
Na kira shi, ya yi dariya har da shaƙewa:
"Gobe bayan la'asar. Amma shayi da ƙwai a kanka."

Asabar taro, titin Gidan Zu,
kujera sittin na ɗauko haya.
Mutum ɗari da tara suka rubuta insha Allahu,
sha huɗu suka zo,
uku daga ciki lemo ya kawo su.
Majigi ya ƙi, aka lallaɓa shi, ya yarda,
sai aka ɗauke wuta.

Naja'atu ba ta jira ba.
Ta ɗaga kwamfutarta sama kamar farantin talla,
muka haɗa kai muna leƙe:
manhaja ce ta rubuta wa mahaifiyarta
don lissafin adashe,
wa ya zuba, wa ya kwasa, wa ke ɓuya ran zubi.
Wani dattijo, tela ne,
ruwan sama ya koro shi ya fake a bakin ƙofa,
ya ce, "'Yata, za ta riƙe min awon mutane?
Littafina ɓera ya cinye rabi,
kuma ga Salla ta ƙarato."
Ranar ba wanda ya tuna da majigi.

Da dare na ƙirga masu sauraro: tamanin da uku.
Jiya tamanin da ɗaya ne.
Data ta kusa ƙarewa, saƙon murya ya shigo,
ƙarar babbar mota a bayansa:
"Hambali ne, daga hanyar Lokoja.
Surutunka ke hana ni gyangyaɗi a kan sitiyari.
Ka gaida zakara."

Na kashe fitila, na kwanta,
sai na ji muryata ta bango,
ƙasa-ƙasa, daga ɗakin Umma.
Autarmu ce ta kunna mata.

Da safe ta miƙo min koko, ba ta dube ni ba.
"Ka rage cewa 'a haƙiƙanin gaskiya',
sau tara na ƙirga.
Kuma na ji matar Ɗanlami na cewa
da Salla za su yanka zakaran nan.
Ka je ka ji nawa za su sayar."